Koyon kareti, judo ko takwando a Gombe: Tun daga malami ake fara zaɓe

Duk lokacin da makarantu suka ba da dogon hutu, akwai tambayar da kan taso a gidaje da dama a birnin Gombe: me za a sa yaran nan su riƙa yi, don kada titi ya ɗauke su? Wani yaron ƙwallo ce burinsa. Wani kuwa tun da ya kalli fina-finan Jackie Chan da Jet Li a wayar yayansa ya hana gida sakat, sai an kai shi koyon kareti. Shi kansa maigidan, wanda likita ya daɗe yana yi wa maganar tumbi da hawan jini, yakan ji sha'awar abin a ransa, sai dai bai san ta inda zai ɓullo masa ba.

A wasu garuruwan wannan magana ce ta nishaɗi. A Gombe tana da nauyi na daban, domin mutanen garin ba su manta da 'yan Kalare ba, gungun matasan da 'yan siyasa suka riƙa amfani da su wajen bangar siyasa tun daga zaɓen 2003. Ta'asarsu ta kai har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta yi bayani a kansu a rahotonta na 2007 game da tashin hankalin siyasa a Najeriya. Gwamnatocin jihar sun sha haramta ayyukansu, amma har yau sunan bai bar bakin jama'a ba. Saboda haka uban da ke zaune a Bolari, Jekadafari ko Herwagana yana da hujja idan ya tsaya ya tambayi kansa: in na kai yaro a koya masa naushi da shuri, gyara shi na yi, ko kuwa makami na miƙa masa?

Amsar ta dogara ne a kan mutumin da zai tsaya a gaban yaron sau biyu ko uku a mako. Wasa ɗaya ne wani malamin zai yi amfani da shi ya fitar da yaro mai natsuwa, wani kuma ya fitar da ɗan iska ko nakasasshe. Don haka kafin a yi gardamar ko judo ta fi kareti, malamin ya kamata a fara bincika.

Darasi daga Japan da Faransa

Misalin da ya fi fito da wannan magana fili ya fito ne daga ƙasar da ta haifi judo. Wani malamin Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya bi bayanan haɗurran da suka auku a makarantun Japan, ya gano cewa daga 1983 zuwa 2011 ɗalibai fiye da 100 ne suka rasa rayukansu wajen atisayen judo. Mafi yawansu buguwa a kai ce ta kashe su, kuma da yawa sababbin shiga ne da aka riƙa kayarwa tun ba su iya faɗuwa ba. A Faransa kuwa, wadda ta fi Japan yawan 'yan judo masu rajista, mutuwar yaro a kan katifar judo abu ne mai wuyar ji. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne, tun 1955 dokar Faransa ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗi don koyar da judo ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa ta gwamnati. Da iyayen yaran da suka rasu a Japan suka haɗa kai suka matsa, aka tsaurara ƙa'idojin horo da tantance malamai, sai mace-macen suka ragu ƙwarai.

Wasan bai canza ba tsakanin Tokyo da Paris. Abin da ya bambanta shi ne wanda aka bari ya koyar, da yadda ake sa masa ido. A Gombe, inda mutum zai iya ɗaura baƙar ɗamara ya shimfiɗa tabarma a harabar wata makaranta ya ce ya buɗe kulob, aikin sa idon ya fi komawa wuyan iyaye da masu koyon kansu.

Wane wasa ne na wa?

Duk da haka yana da kyau mutum ya san abin da kowane wasa ya ƙunsa, domin ba su zama ɗaya ba.

Judo ita ce ta fi kusa da kokawar da Bahaushe ya sani. Wani malami ɗan Japan mai suna Jigoro Kano ne ya kafa ta a Tokyo a 1882 (sunan nasa dacewa ce kawai, ba shi da alaƙa da birnin Dabo), ta kuma shiga gasar Olamfik a 1964. A gasarta babu naushi babu shuri, sai kamawa, kayarwa da dannewa. Darasin farko a kowane kulob na gaskiya shi ne yadda ake faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba, ilimin da zai amfani mutum ko a santsin banɗaki ko a faɗuwa daga kan babur. Sharaɗinta ɗaya: ba a yin ta sai a kan katifa mai kauri.

Takwando daga Koriya ta fito, kuma ƙarfinta a ƙafa yake. Ta zama cikakken wasan Olamfik a Sydney a 2000. Ita ce ta ba Najeriya lambar tagulla ta hannun Chika Chukwumerije a Beijing a 2008, ta kuma ba Nijar lambar azurfa ta hannun Abdoul Razak Issoufou Alfaga a Rio a 2016, kafin ya zama zakaran duniya a shekarar da ta biyo baya. Tana dacewa da yara masu zafin nama, sai dai karawarta na buƙatar kayan kariya: hular kai, rigar ƙirji, robar haƙori da makarin ƙwauri da na dantse.

Kareti daga tsibirin Okinawa ya samo asali. Rabinsa jerin motsi ne da ɗalibi ke haddacewa ya yi shi kaɗai, wanda ake kira kata, rabinsa kuma karawa ce da ake kira kumite, inda a ƙa'idar gasar duniya ake buƙatar mutum ya iya sarrafa naushinsa, ana ma hukunta wanda ya wuce gona da iri. Wannan ya sa ya dace da yaro mai kunya da kuma dattijon da ba ya son a riƙa jifa da shi.

Damben boksin yana da daɗaɗɗen tarihi a ƙasar nan. Da shi Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, da shi kuma Nojim Maiyegun ya samo wa Najeriya lambarta ta farko a Olamfik a 1964. Atisayensa na tsallen igiya da dukan buhu yana cikin mafi inganci wajen ƙona kitse da ƙarfafa zuciya. Amma karawarsa kai take nema, shi ya sa a 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fitar da matsaya ɗaya cewa ba su goyon bayan yara da matasa su shiga damben.

Sai kuma namu na gado. Kokawa ta samu gata a Nijar, inda tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, kuma wasa ne mai kyau ga yaro matuƙar a kan rairayi mai laushi ake yi da sa'anninsa. Dambe kuwa, duk da martabarsa da waƙoƙin da irin su Ɗan Anace suka yi wa Shago, sana'a ce ta ƙarti da suka san abin da suka shiga. Hannun da aka naɗe da zare ba abin gwadawa a kan ɗan firamare ba ne.

Takardun malami

Tambaya ta farko da za a yi wa koci ita ce: wa ya koya maka, kuma wa ya ba ka wannan ɗamarar? Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ma ji daɗin ambaton malamansa, kamar yadda almajiri ke alfahari da wanda ya yi sauka a hannunsa. Wanda ya fara kame-kame ko ya ɗauki zafi ya riga ya ba da amsa.

Akwai inda za a tabbatar da abin da ya faɗa. Kowane ɗaya daga cikin wasannin nan yana da hukumarsa ta ƙasa, akwai kuma Hukumar Wasanni ta Jihar Gombe da ke kula da ƙungiyoyin wasanni na jiha. Tafiya guda zuwa hukumar, ko zagayawa filin wasa na Pantami a tambayi ma'aikata da tsofaffin 'yan wasa, za ta nuna ko an san kocin, ko ya taɓa kai yara wata gasa. A takwando, takardar baƙar ɗamara da duniya ta fi amincewa da ita daga Kukkiwon take fitowa, cibiyar wasan da aka buɗe a birnin Seoul a 1972, kuma kowace takarda tana ɗauke da lamba. Ga ilimin horarwa kuwa, Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana horar da masu koyarwa tana ba su shaida, hukumomin wasannin su ma suna shirya kwasa-kwasai.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin iya faɗa daban, iya koyarwa daban. Mutum zai iya tara kofuna a ɗaki amma bai san yadda ake bi da ɗan shekara bakwai ba, bai san abin da zai yi idan yaro ya suma ba. Don haka a haɗa da tambayar ko ya taɓa samun horon agajin gaggawa, irin wanda ƙungiyar Red Cross ke bayarwa.

Haka nan a yi hattara da mai alkawarin baƙar ɗamara cikin wata shida. A yawancin makarantun kareti da judo, sai mutum ya shekara uku zuwa biyar ko fiye yana zuwa babu fashi kafin ya kai wannan matsayi. Kukkiwon ma ba ta ba wanda bai kai shekara 15 ba cikakken matsayin manya, wani matsayi na yara take ba shi, mai ɗamara rabi ja rabi baƙi. Kulob ɗin da kowane wata ake jarrabawar ɗamara, kowa ya biya kowa ya ci, kasuwa ce aka buɗe.

Gani ya kori ji

Kada a biya ko sisi sai an je an zauna an kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Wanda ya ce ba a yarda iyaye su kalla ba saboda wai sirrin wasa ne, a ɗauki yaro a yi gaba. Babu wani sirri a wasannin da ake nunawa a talabijin duniya na kallo.

A fara da duba ƙasa. In ana kayarwa, dole a samu katifun wasa masu kauri da aka jera ba tare da rata a tsakaninsu ba. Kafet a kan siminti ba katifa ba ce. A duba ko ana share su ana gogewa, domin makero da ƙazuwa ta nan suke bi su kama yara. A duba iska, ruwan sha, banɗaki da akwatin magani, a kuma tabbatar babu ginshiƙi, ƙarfe ko gilashi kusa da inda ake karawa.

Sannan a lura da yadda aka raba ɗalibai. Ɗan shekara shida ba ya darasi ɗaya da saurayi ɗan ashirin, kuma ba a haɗa yaro karawa da wanda ya ninka shi nauyi. A ƙirga yaran, a ƙirga malaman. Mutum ɗaya ba zai iya sa ido a kan yara arba'in suna shuri lokaci guda ba. A ga ko ana fara darasi da ɗumama jiki a kammala da miƙe jijiyoyi, a ga ko sabon shiga ana ware shi a koya masa tushe ko kuwa ranar farko ake tura shi fage don a gwada jarumtarsa.

Abu mafi muhimmanci shi ne a saurari muryar kocin. Yana kiran yara da sunayensu? In yaro ya yi kuskure, gyara masa yake yi ko zagi? A al'adarmu an saba ɗaukar bulala a matsayin tarbiyya, amma a wannan fage tana da illa ta musamman: yaron da ake duka a wurin da ake koya masa duka, darasin da zai ɗauka shi ne mai ƙarfi yana da ikon taɓa na ƙasa da shi. Wannan shi ne ainihin karatun da ake gudun Kalare su ba shi. A kalli manyan ɗaliban kuma, domin su ne hoton abin da yaro zai zama nan da shekara uku. In suna taimakon ƙanana, suna gaida baƙi, suna sassauta ƙarfi idan suka kama na ƙasa da su, to wurin yana da tarbiyya. In kuwa fankama da cin zali aka gani, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kai ba ya da madadi

Karaya tana ɗoruwa, targaɗe yana warkewa, amma raunin ƙwaƙwalwa yakan bi mutum har tsufa. A rahoton da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2016 kan wasannin kare kai, ta ba da shawarar a jinkirta karawa ta gaske har sai yaro ya nuna ya kai a jiki da hankali kuma ya iya tushen wasan, ta kuma nuna cewa hular kai ba ta da tabbacin hana girgizar ƙwaƙwalwa. Ma'ana, sayen hula ba lasisin dukan kai ba ne. Kulob mai kyau yana hana ƙananan yara shurin kai, shaƙewa da murɗe gaɓa.

Ya kamata a tambayi koci kai tsaye: me kake yi idan yaro ya bugu a kai? Amsar da ta dace ita ce a fitar da shi nan take, kada ya koma wasa a ranar, a sanar da iyayensa. In aka ga amai, jiri, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa ko barci mai nauyi, asibiti za a nufa ba tare da jira ba, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke ita ce mafi haɗari. Kocin da ya ce wa yaro "tashi, kai namiji ne" bayan ya faɗi yana ganin jiri, bai cancanci a bar masa ɗan kowa ba.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi yanayinmu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Yaro mai sikila ba ya shiga irin wannan wasa sai da iznin likitansa, kuma dole koci ya sani. Mai ɗauke da ƙwayar AS yana iya wasa, sai dai a kiyaye masa ƙishirwa da wahalar da ta wuce kima. Yaron da bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, saifarsa na iya kasancewa a kumbure, kuma duka a ciki na iya fasa ta, don haka a bari ya murmure. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan kusanci digiri 40, atisayen tsakar rana a ɗaki mai rufin kwano ganganci ne. Da sanyin safiya ko bayan La'asar ya fi. A hunturu kuma ƙura takan tayar wa masu asma, sai su riƙa zuwa da abin shaƙarsu. Kocin da ke hana shan ruwa don wai a ƙara juriya, ko yake sa yaro ya ƙi ci ya ƙi sha don nauyinsa ya sauka kafin gasa, ilimin da aka daina aiki da shi yake bi.

Addini da mutunci

Gombe gari ne na Musulmi da Kirista, kuma kulob mai hankali yana tsara lokacinsa yadda ba zai ci karo da sallar Magariba, Islamiyya ko zuwa coci ba, ya kuma sassauta atisaye a watan azumi.

Iyaye Musulmi sukan yi tambaya kan abu biyu. Na farko sunkuyawar gaisuwa da ake yi a wasannin Japan da Koriya. A wajen masu wasan alamar girmamawa ce, amma malamai da yawa suna hana rusunawa irin ta ruku'u ga wani mahaluƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce a faɗa wa koci tun farko, a nemi ya amince da musafaha ko ɗora hannu a ƙirji a lokacin atisaye. Na biyu dukan fuska, wanda hadisi ingantacce ya hana. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yi fatawa a 1987 tana haramta damben boksin irin na gasa saboda cutarwar da ke cikinsa, amma ta halatta kokawar motsa jiki da babu cutarwa a cikinta. Malamai kan kafa hujja da kokawar da Annabi (SAW) ya yi da Rukana, suna kuma tunatarwa da hadisin da ya nuna cewa jarumi na gaskiya shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Wanda abin ya shige masa duhu sai ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi kafin ya zaɓi wasa.

Game da 'ya'ya mata, ƙofa a buɗe take. Hedaya Malak ta Masar da hijabinta ta ci lambar tagulla a takwando a Rio a 2016, ta sake ci a Tokyo. A gasar ta Tokyo ce kuma 'yar ƙasarsu Feryal Abdelaziz ta ci zinare a kareti, ta zama macen farko da ta kawo wa Masar zinaren Olamfik. Abin da za a nema shi ne ajin mata zalla ko aƙalla mace cikin masu koyarwa, wurin canza kaya na daban, da ƙa'idar cewa mace da mace ake haɗawa karawa.

Wannan ya kawo mu ga batun da ba a son faɗa. Koyar da waɗannan wasanni yana buƙatar taɓa jiki, kuma yaro yakan ɗauki kocinsa tamkar uba. Mugu yana iya fakewa da wannan. Abin da ya faru a Amurka, inda a 2018 aka yanke wa likitan tawagar 'yan wasan alkafura Larry Nassar hukuncin ɗauri mai tsawo bayan ya shafe shekaru yana lalata da 'yan mata, ya nuna cewa suna da muƙami ba kariya ba ne. Ƙa'idar da hukumomin wasanni da dama suka ɗauka mai sauƙi ce: kada babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya inda ba mai gani. Babu darasi na musamman a ɗakin koci, babu hira da yaro a waya ba da sanin iyaye ba, babu tafiya gasa a wani gari ba tare da wani uba ko uwa a cikin ayarin ba. Wannan ya shafi yara maza kamar yadda ya shafi mata.

In babba ne zai koya

Babba ya fara da tambayar kansa abin da yake nema. In lafiya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga manya, ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Darasi uku a mako sun biya wa babba mafi yawan wannan buƙata. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini, ciwon suga ko ciwon gwiwa, ya fara ganin likita, sannan ya nemi kocin da zai bar shi ya tafi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

In kuwa kare kai ne, to a nemi malami mai faɗin gaskiya. Babu ɗamarar da ke hana wuƙa shiga jiki. Malamin da ya san aikinsa zai ce in masu ƙwacen waya suka tare ka da makami, ka miƙa musu ka tsira da ranka, zai kuma fi ba da lokaci wajen koyar da lura da hanya, kauce wa rigima da yadda ake kuɓucewa a gudu. Wanda ke nuna yadda mutum ɗaya zai tarwatsa biyar, ko yake haɗa darasinsa da laya da maganin ƙarfe, rayuwar ɗalibansa yake jefawa cikin haɗari.

Nisa ma abin dubawa ne. Mazaunin Tumfure da ya yi rajista a ƙarshen Pantami zai fara da zumuɗi, amma kuɗin Keke Napep da cunkoson yamma za su iya karya masa gwiwa kafin wata biyu. Wuri matsakaici da ke kusa, wanda za a riƙa zuwa, ya fi wuri mai kyau da za a daina zuwa. Ga yara kuma a lissafa yadda za su dawo gida kafin duhu.

Batun kuɗi a yi shi a fili tun ranar farko: kuɗin rajista, na wata, na kayan sawa, na kayan kariya, na jarrabawar ɗamara da na tafiya gasa. A karɓi rasit, kuma kada a biya na shekara gaba ɗaya a wurin da ba a gwada ba. Tsada ba ta nuna inganci. Kocin jiha da ke koyarwa a fili da tsofaffin katifu yana iya fin mai ɗaki da madubai da na'urar sanyaya iska. Ga yaron da ya nuna baiwa, a tambaya ko kulob ɗin yana da hanyar kai shi tawagar jiha, domin ta nan ake zuwa Gasar Matasa ta Ƙasa da Bikin Wasanni na Ƙasa da aka faro a Legas a 1973.

Bayan wata uku

Zaɓe ba ya ƙarewa ranar rajista. Bayan kamar wata uku, iyaye su zauna su auna. Yaron yana ɗokin ranar atisaye, ko ciwon ciki yake ƙirƙira in ta zo? Karatunsa na boko da na allo yana nan yadda yake? Ƙannensa sun samu sauƙinsa, ko sun zama buhun gwaji? Malaman makaranta sun fara kawo ƙarar faɗa? Kulob nagari yana da doka cewa duk wanda ya kai abin da ya koya titi za a dakatar da shi, kuma koci yana son jin irin wannan labari daga bakin iyaye.

In amsoshin suka yi daɗi, a ci gaba, a kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba. In ba su yi ba, a cire yaron, ko da an riga an ɗinka masa farin kaya an biya kuɗin wata. Za a iya samun wani kocin, kuɗin ma za a iya mayar da su, amma halin da yaro ya ɗauka yana ɗan shekara goma yana da wuyar kankarewa.